Me ɗakunan binciken gwamnati suka tsinana mana?

Tambaya: Baba, ni mai gyaran salula ne a kasuwar Dole, nan Damagaram. Kullum ina jin masu ilimi suna cewa gwamnati ta zuba kuɗi a ɗakunan bincike. Ni kuwa duk abin da nake gani a kan teburina na kamfani ne: Tecno, Itel, Samsung, iPhone. Ban taɓa buɗe waya na ga sunan gwamnati a ciki ba. Ga mu kuma muna bin ƴan garuwa saboda ƙarancin ruwa. Ba gara a bar wa kamfanoni da Turawa bincike ba, mu mu sayi abin da suka gama? Me ɗakunan nan suka taɓa tsinana wa talaka?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya sa wa sana'a albarka. Shekara talatin da ƴan kai na yi ina aikin binciken noma, tsakanin ɗakin gwaji da gonar gwaji, kafin in ajiye aiki. Na faɗa maka ne don ka san cewa mai tuwo ne yake yabon tuwonsa. Amma zan gaya maka har da inda abin ya yi ɗaci.

Maganar ruwa ba ni da ja. Garin nan a kan dutse yake zaune, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan suka kai Yamai a 1926. Wanda ya kwana gaban famfo da jarka ba ya son dogon turanci. Sai dai ruwan da ake turo mana daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram, ba bugun ƙasa aka yi aka gano shi ba. Masana duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa ne suka auna, suka ce a haƙa nan, a bar can. Mu ajiye wannan tukuna, mu koma kan teburinka.

Ɗauki wayar da ka kwance yau da safe ka jera kayanta yadda ka saba: gilashi gefe guda, batir gefe guda, ƴar kyamarar nan da ba ta kai ƙwayar wake ba, da allon da kake bi da iska mai zafi. Gaskiyarka, sunan kamfani ne a jikin kowanne. Amma sunan tela kake gani a wuyan riga, wanda ya noma audugar ba a rubuta shi.

Gilashin da ake taɓawa ya amsa, wani ma'aikacin gwamnatin Ingila, E. A. Johnson, shi ya bayyana yadda za a yi shi a 1965, a cibiyar binciken na'urar hango jirage da ke Malvern, don amfanin masu ba jiragen sama hanya. iPhone bai fito ba sai 2007. Batirin da ke kumbura yana kawo maka ciniki, John Goodenough ne ya gano sinadarin da ya sa ya yiwu, a jami'ar Oxford a 1980, takardar mallakar kuma ta tafi hannun ɗakin binciken nukiliya na gwamnati da ke Harwell. Kamfanin Sony ya fito da shi kasuwa a 1991. Idon kyamarar an inganta shi a farkon shekarun 1990 a wani ɗakin bincike na hukumar NASA, inda Eric Fossum da abokan aikinsa suke neman kyamara ƙarama marar cin wuta da za a harba sararin samaniya. Intanet kuwa ma'aikatar tsaron Amurka ce ta biya kuɗin haɗa kwamfutocin farko a 1969, kuma saƙon farko haruffa biyu kawai ya kai na'urar ta cije. Tsarin shafukan da kake buɗewa Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro shi a 1989 a CERN, cibiyar da ƙasashen Turai suke karo-karo suna binciken ƙwayar zarra a kan iyakar Faransa da Suwizalan. Ranar 30 ga Afrilu 1993 cibiyar ta saki fasahar kyauta ga duk mai so.

Wanda ya fi burge ni shi ne GPS, abin nan da direbobin da ke ratsa Tenere suke riƙe da shi kamar laya. Mutane da yawa suna zaton tauraron ɗan'adam ne yake kallonsu daga sama. Ba ya ganin kowa. Kowane tauraro, daga nisan wajen kilomita 20,000, ba abin da yake yi sai shelar inda yake da kuma ƙarfe nawa ne a agogonsa. Wayarka tana sauraron aƙalla huɗu, ta lissafa jinkirin da saƙon kowanne ya yi kafin ya iso, daga nan ta san inda take. Saƙon yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Idan agogon ya kuskure da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, an kauce da mita 300, wanda ke Birni sai a nuna shi a wata unguwa. Agogon da zai iya wannan aiki, wanda ke ƙirga lokaci da kaɗawar ƙwayar zarra, Louis Essen ya haɗa na farko mai inganci a 1955 a ɗakin awo na gwamnatin Ingila. A ranar ba wanda ya yi mafarkin direban Agadas. Sojan Amurka suka harba tauraron farko na tsarin a 1978, tsarin ya cika a 1995, kuma sai a watan Mayun 2000 suka daina dagula wa farar hula saƙon da gangan. Ƙirga daga 1955: shekara 45. Wane ɗan kasuwa ka sani da zai zuba jari ya jira shekara 45, sannan in abin ya nuna kowa ya ɗiba kyauta?

Amsar tambayarka ke nan a dunƙule. Kada ka ji kamar ina rage wa kamfanoni daraja. Tiransisto, wanda babu waya in babu shi, a ɗakin binciken kamfanin Bell aka ƙirƙiro shi a 1947. Kuma mai da abin da ya yi aiki sau ɗaya a kan tebur ya zama guda miliyan masu araha, wannan gwaninta ce da gwamnati ba ta iya ba. Amma kamfani yana sa kuɗi ne inda zai ga riba cikin ƴan shekaru, kuma inda zai iya kewaye ribar da danga. Bincike na tushe ba ya shiga danga. Yana daɗewa, mafi yawansa ba ya haifar da komai, wanda ya haifar kuma kamar ruwan sama yake, ba ya tsayawa a iyakar gonar wanda ya yi roƙo. Irin wannan aiki gayya ce, kamar yashe rijiyar gari. Gwamnati ita ce mai kiran gayyar, haraji shi ne gudummawar kowa.

Yanzu bar waya, zo mu je kasuwar shanu. Tambayi duk wani tsohon Bafulatani ko mahauci me ake kira bushiya. Matasa ba su san ta ba, kuma rashin saninsu shi ne labarin. Cuta ce da ke kama saniya da zazzaɓi, idanu da hanci su yi ta zuba, baki ya yi gyambo, zawo ya biyo baya, cikin kwana goma garke ya kwanta. Da ta ratsa Afirka a shekarun 1890, a wurare da yawa shanu tara cikin goma ta kashe. Ɗakin binciken dabbobi na Vom, kusa da Jos, da ke aiki a can tun 1924, yaƙi da ita na cikin manyan dalilan kafa shi. A ƙarshen shekarun 1950 wani likitan dabbobi, Walter Plowright, yana aiki a ɗakin binciken gwamnati da ke Muguga a Kenya, ya yi ta renon ƙwayar cutar a cikin ƙwayoyin ƙodar ɗan maraƙi, yana juya ta daga kwalba zuwa kwalba, har ta yi laushin da ba ta iya kisa amma jiki yana gane ta. Allura ɗaya, kariya har saniya ta mutu. A 1962 aka fara babbar gayyar allura daga nan yankin tafkin Cadi: Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru.

Abin ya yi kyau har aka saki jiki. Kuɗi suka ƙare, aka daina bin ƴan maruƙan da ake haifa, a farkon shekarun 1980 sai ga bushiya ta dawo da ƙarfinta. Na ga makiyayan da suka shigo gari da sanda kawai a kafaɗa. Ɗaya daga cikin matsalolin ita ce allurar sai da sanyi, ka kuwa san abin da rana take yi wa ƙanƙara tsakanin Tanut da Tasker. Sai Jeffrey Mariner da abokan aikinsa, tare da wani ɗakin bincike na ma'aikatar noman Amurka, suka gyara yadda ake busar da allurar har ta iya yin wata guda ba firji. A nan Nijar aka gwada ta a kan shanunmu. Da ita aka kai wa garkunan da mota ba ta isa. An ga cutar na ƙarshe a Kenya a 2001, a 2011 aka yi shelar ta ƙare a duniya. Bayan agana, ita ce cuta ta biyu da ɗan'adam ya taɓa kawarwa. Kilishin da kake ci da nonon da ake dama maka fura, ba tambarin kowa a jikinsu.

Sanƙarau kuwa ba sai na kwatanta wa ɗan Damagaram ba. Da iskar hunturu ta juya zuwa zafin bazara, uwaye mata sun san abin da suke tsoro. A 1996 ya kama mutum fiye da 250,000 a ƙasashenmu, ya kashe wajen 25,000. Tsohuwar allurar tana nan, amma kariyarta ba ta daɗewa, ba ta kama jikin ƙananan yara sosai, kuma sai annoba ta ɓarke ake rugowa da ita. An san dabarar yin wadda ta fi ta: a ɗaure sukarin da ke jikin ƙwayar cutar da wani sinadari da jiki ke saurin ganewa. Manyan kamfanoni sun iya, sun yi wa ƙasashensu ta irin da ke damunsu. Irin namu, wanda ake kira A, ba kasuwa a cikinsa. Da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka fara shirin a 2001, jami'an lafiya na ƙasashenmu suka ce in allurar ta wuce rabin dalar Amurka ba za su iya saye ba. Wannan wajen sefa 350 ne a lokacin, dala saba'in a lissafinmu na kasuwa. Dabarar ɗaurin da ta sa aka cimma wannan farashi daga ɗakin binciken hukumar kula da magunguna ta gwamnatin Amurka ta fito, aikin Carl Frasch da Robert Lee, aka miƙa ta ga kamfanin Serum na Indiya kusan kyauta. A ƙarshen 2010 aka fara yi wa ƴan shekara 1 zuwa 29 a Burkina Faso, Mali da Nijar. Irin A ya kusa ɓacewa ƙaf.

Ban ce sanƙarau ya ƙare ba. A 2015 irin C ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar, kuma ya sake taɓa jiharmu a ƙarshen 2022. To wa ya gane cewa wani iri ne daban, alhali wuya iri ɗaya yake sanƙarewa? Cibiyar CERMES da ke Yamai, inda ake aika ruwan da aka ɗebo daga gadon bayan marar lafiya a duba. In babu wannan ɗaki, sai a sayo allurar da ba ta dace ba a yi ta soka wa yara.

Sauran zan ratsa su da sauri. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba ka a likita yau, tushensa wani shirin gwamnatin Sin ne na asiri da aka fara a 1967 saboda sojoji, inda Tu Youyou ta tatso sinadarin daga wani ganye dangin tazargade a farkon shekarun 1970. Ba a ba ta kyautar Nobel ba sai 2015. Ƴar ledar nan ta tunkuzar gyaɗa da madara da ake ba yara masu tamowa, wadda ta ceci dubbai a yunwar 2005, André Briend na cibiyar binciken gwamnatin Faransa, IRD, shi ya haɗa ta da wani kamfani a 1996.

Ga ɗacin da na yi maka alkawari. Ka lura sau nawa na ce soja? Gwamnatoci ba don tausayi suke gina ɗakunan nan ba. Ɗakin Los Alamos da aka buɗe a 1943 bam ya haifa, aka jefa wa Hiroshima da Nagasaki a 1945, kuma mafi yawan yuraniyom ɗin shirin daga Kwango aka haƙo shi. Hukumar nukiliya ta Faransa, da aka kafa a 1945, ita ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairu 1960. Masananta ne kuma suka bi duwatsun arewacinmu har aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971. Bincike ne na gwamnati, mai inganci ƙwarai, kuma ya yi wa masu shi aiki: wajen kashi biyu cikin uku na wutar Faransa daga nukiliya take. Mu da ke zaune kan ma'adinin, wajen mutum ɗaya cikin biyar ke da lantarki. Ɗakin bincike tambayar wanda ya biya shi yake amsawa. Abin da ya iso mana daga na wasu, ko dai ya zubo ne daga gefen ƙwarya, ko wasu mutanen kirki sun yi shekaru suna roƙo.

Shi ya sa shawararka ta mu jira mu saya take da rami a tsakiya. Waya za ka samu a kasuwa, domin duniya duka tana son waya. Gero fa? Wa zai yi mana binciken gero? Ba a cin tuwonsa a Turai, kamfanin iri kuma ba ya ganin riba a wurin manomin da ke ɗebo irinsa daga rumbu. Bayan farin 1973 ne aka farga. Aka kafa AGRHYMET a Yamai a 1974 don lura da ruwan sama da amfanin gona, aka kafa INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasarmu, a 1975, daga baya cibiyar ICRISAT ta ƙasa da ƙasa, mai binciken amfanin gona na wurare masu ƙarancin ruwan sama, ta zauna a Sadore. Irin geron nan HKP mai nuna da wuri, da ake rabawa duk shekarar da damina ta makara, daga irin wannan aiki ya fito. Haka Chakti da aka saki a 2018, mai ƙarin sinadarin da ke ƙara jini. Fitar da iri ɗaya yakan ci shekara takwas zuwa goma, saboda gero iska ke yi masa barbara. Kafin zangarniya ta yi bununi sai ka bi ta ka rufe da jakar takarda, ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwa, cikin zafin Agusta, ka rubuta lamba a jikin kowace. Damina kuma ɗaya ce a shekara. In tsuntsaye suka shiga, ko ruwa ya ɗauke, shekarar ta tafi.

Bari in nuna maka wani abu da na riƙe da hannuna. Ka san murzuna, tsutsar nan da ke bin zangarniya tana yanka hanya a karkace kamar an murɗa igiya, manomi ya zo girbi ya tarar da sosai ba tsaba. Feshi ba ya cin ta yadda ya kamata, domin tana ɓoye cikin zangarniya, ga tsada. To akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ɗan ƙasar nan ne. Macen takan harbi tsutsar ta shanye, ta yi ƙwai a jikinta, ƴaƴan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Matsalarsa ɗaya: rani yana rage shi, kafin ya yi yawa murzuna ta gama ɓarna. Masu binciken INRAN a Maraɗi, cikinsu har da Ibrahim Baoua, tare da takwarorinsu na Burkina Faso da Mali, suka daidaita yadda za a rene shi a ɗaki a kai shi gona a kan kari. Ƴar jakar algarara ce kamar tafin hannu. A zuba gero da ɗan gari, a sa tsutsotsin da zai ci, a sa mata ƙalilan da suka riga suka haɗu da namiji, a ɗaure baki. A rataye ta a reshe ko jikin rumbu, a kifa mata wani abu saboda ruwa. Bayan kamar mako guda sabbin ƙwari su fara fitowa ta ramukan saƙar jakar su bazu cikin gonaki. Ranar da na fara kai irin jakar nan wani ƙauye, mai gari ya juya ta a hannu, ya shinshina, ya dube ni ya ce, Malam, laya ce? Da kaka ta yi shi ya aiko a tambaye ni ko akwai saura. Kuma lura, ƙwaron ba ya sanin gonar wanda ya biya da ta wanda bai biya ba. Shi ya sa sayar da shi yake da wuya, sai gari ya haɗa kai.

Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ya raba mata da yawa da zuba wa wake fiya-fiya, shi ma haka ne. An fara binciken a ƙarshen shekarun 1980 tsakanin jami'ar Purdue da cibiyar binciken noma ta Kamaru da kuɗin gwamnatin Amurka, aka yi ta gwaji a Maraɗi, bai yaɗu a kasuwanninmu ba sai bayan 2007. Ba magani a ciki. Ƙwaron ne yake shanye iskar da ta rage, ya daina ci, ya bushe.

Wani lokaci ma aikin ɗakin bincike bai wuce ya ga abin da talaka ya riga ya yi ba. Manoman Magarya, Matamai da Mirya sun yi shekaru suna barin gawo ya tashi a gonakinsu, sassaben zamani, alhali rahotanni suna ta cewa hamada ta cinye mu. Sai da Gray Tappan na hukumar safiyon ƙasa ta Amurka, tare da masana irin su Mahamane Larwanou, suka gwama tsofaffin hotunan jirgi da na tauraron ɗan'adam, sannan duniya ta yarda: wajen hekta miliyan 5, itace wajen miliyan 200, a jihohin Maraɗi da Damagaram. Manomi ya yi aikin, ba mu ba. Amma sai da aka ƙirga sannan aka fara jin maganarsa a ofis.

Kada kuma ka ɗauka ba mu taɓa gwada babban abu ba. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin binciken hasken rana, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985. A lokacin ana ƙera tankunan dafa ruwa da zafin rana a Yamai, ana gwada murhu da injin da rana ke turawa. Amurka ba ta buɗe tata cibiyar binciken hasken rana ba sai 1977. Aikinsa ya fi karkata ga zafin rana, ba faifan lantarki ba, wannan gaskiya ne. Amma mutanen da suka san rana haka, da an ci gaba da riƙe su, da yau ba kallo kawai muke yi ba. Faifan da a 1977 wat ɗaya ya haura dalar Amurka 70, yau bai kai rabin dala ba, saboda gwamnatocin Amurka, Japan, Jamus da Sin sun yi shekara arba'in suna tura shi. Wanda ke kan rumfarka daga Sin ya zo. Taiwan ta kafa cibiyarta ta binciken fasahar masana'antu, ITRI, a 1973, shekara biyu kacal kafin INRAN, kuma daga cikinta kamfanin TSMC ya fito a 1987, mai buga ƙwaƙwalwar manyan wayoyin da kake jin tsoron buɗewa. Ba su fi mu kai ba. Ba su saki igiya ba ne.

Mu sakin igiya ne ciwonmu. Tun 1980 a Legas shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa don kimiyya, suka sabunta a 2007, amma mafi yawa ba su kai rabin haka ba. Koriya ta Kudu tana kusan kashi 5. Abin da ke faruwa shi ne gwamnati ta biya albashi, kuɗin aiki kuwa sai mai ba da tallafi ya zo da shirinsa na shekara uku. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: yau a ce maka sauyin yanayi, gobe a ce wani abu, kai kuma gero shekara goma yake nema. A wani wuri da na yi aiki mun tara irin gero da wake na gargajiya daga ƙauyuka, tun daga Damargu har bakin iyaka, kowane a ƴar kwalbarsa da sunan da masu shi suke kiransa. Shiri ya ƙare, man janareto ya ƙare, ɗakin sanyi ya yi bazara biyu a kashe. Da muka jera irin a kan jiƙaƙƙiyar takarda don mu ga mai rai, ƴan ƙalilan ne suka tsaga. Wasu daga cikin ƙauyukan da na koma nema, su ma sun bar shuka shi. Kuɗin man da zai hana wannan bai kai na walimar rufe taro ɗaya ba. Har yau in na tuna, abinci ba ya yi mini daɗi.

To da za a tambaye ni, ba zan ce a gina mana irin CERN ba, kuma ba zan ce a taɓa kuɗin ruwa ba. Zan ce a zaɓi abubuwa kaɗan da ba wanda zai yi mana su, gero da wake, cututtukan dabbobinmu, sanƙarau, ruwan da ke ƙarƙashin dutsen nan, a ba su kuɗi ko kaɗan ne amma kowace shekara ba fashi, a riƙe matasan da jami'ar Damagaram ke yayewa kafin su tsallaka. Mu masu bincike kuma a tsare mu da tambaya irin taka, domin a cikinmu akwai waɗanda taro da kuɗin zama suka fi gona yi musu daɗi.

Akwai kuma inda kai kanka kake shigowa. Shiga ɗakunan gwajinmu ka leƙa bayan ƙofa, za ka tarar da na'urori na miliyoyi an lulluɓe da leda: ma'aunin lantarki, injin juya jini, firjin allura, madubin duba ƙwayoyin cuta. Da yawansu ba wani babban abu ya same su ba, wuta ce ta zo da ƙarfi ta ƙona abin da bai fi ƙwayar masara ba, mai gyara kuma sai an kira shi daga wata ƙasa. Kai da ke ɗaga ƙwaƙwalwar waya da iska mai zafi ka mayar ba ka taɓa na kusa da ita ba, hannunka ya fi na da yawa daga cikinmu. Ni ma ina da wani ɗan ma'auni a gida da nake auna iri da shi, tun bara yake nuna sifili ko me ka ɗora masa. Ranar Alhamis in na shigo kasuwa zan biyo da shi ta rumfarka, ka duba mini.